Kun Tambaya, Mun Amsa: Aji, Jibin Ubangiji da Baiko a Ikilisiyar Metodis

Wasiƙun wannan wata daga jihar Kebbi suka fito, kuma duk sun shafi yadda ake tafiyar da ikilisiyar Metodis. Mun taƙaita tambayoyin domin amsa ta sami wuri.

A garinmu kowa ya san UMCA. Wani abokin aikina ya ce shi ɗan Metodis ne, na ce ai ɗaya muke, ya ce a'a. Wa ke da gaskiya?
*Wani malamin makaranta, Zuru*

Malam, abokinka ne da gaskiya. Harafin M ɗin nan ne ke ruɗa mutane. A sunan UMCA, wato United Missionary Church of Africa, mishan yake nufi, ba Metodis ba, kuma hedikwatarta tana Ilori. Ikilisiyar Metodis ta Najeriya kuwa ta faro ne a Badagiri a 1842 da zuwan Thomas Birch Freeman, ta sami cin gashin kanta daga ta Ingila a 1962. Akwai kuma UMC, wato United Methodist Church, wadda ƙarfinta yake a Taraba. Ita ma Metodis ce, amma shugabancinta daban. Tushen Metodis duka yana komawa ga John Wesley, limamin Angalika da ya rayu daga 1703 zuwa 1791, da ƙanensa Charles, wanda ya rubuta waƙoƙin sujada fiye da 6,000.

An ba ni jagorancin aji wata huɗu da suka wuce. A littafi mutum 31 ne, amma masu zuwa ba su wuce shida ba. Nakan shirya wa'azi sosai, duk da haka ba sa zuwa. Me zan yi?
*Wata ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi*

'Yar'uwa, cutar biyu ce, kuma duk kin faɗe su da bakinki: yawan mutanen da kuma wa'azin. Aji, wato ƙaramin rukunin 'yan ikilisiya da ke haɗuwa duk mako a ƙarƙashin jagora ɗaya, ba ƙaramar sujadar Lahadi ba ne. Wurin da ake tambayar mutum halin da yake ciki ne, da sunansa, a saurare shi.

Asalin abin zai taimake ki. A 1742 'yan Metodis na garin Biristol a Ingila suna da bashin ginin ɗakin taronsu. Sai aka ba da shawara kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako, aka raba su goma sha biyu-sha biyu, kowane rukuni da mai zagayawa ya karɓa. Wanda ya kawo shawarar ya ce a haɗa shi da mutum 11 mafi talauci, duk wanda ya kasa shi zai biya masa. Masu zagayen nan suka fara ganin abin da liman ba ya gani daga bagadi: gidan da ba a ɗora tukunya ba, mijin da ya koma shan giya, maƙwabtan da ba sa gaisawa. Daga nan karɓar kwabo ya zama kiwon rai.

Saboda haka ki fara da kai maganar gaban taron shugabanni, ki roƙa a raba mutum 31 ɗin nan gida uku, bisa unguwa. Wanda zai biya kuɗin mashin zuwa da dawowa a tsakiyar mako, mako biyu zai yi ya daina. Kafin ki sake kiran taro, ki bi su gida-gida, ko da minti goma-goma ne. Idan gidan magidanci za ki, ki tafi da wata, haka ma namiji jagora ba ya shiga wurin matar aure shi kaɗai. Ki tambayi kowa ranar da ta fi masa sauƙi. Ɗan kasuwa ba zai rufe shago da ƙarfe huɗu ba, manomi kuma da damina ba ya baro gona sai rana ta yi sanyi. Lokacin aji yana iya canzawa tsakanin rani da damina, ba laifi ba ne.

Taron kansa kada ya wuce awa ɗaya. Waƙa ɗaya, gajeriyar addu'a, ayoyi kaɗan, sai ki fara da kanki: ki faɗi yadda makon ya kasance miki da Ubangiji, inda kika sami taimako da inda kika yi rauni. In jagora ta yi magana kamar ba ta taɓa tuntuɓe ba, kowa zai ce "mun gode Allah" ya yi shiru. Sannan ki bi su ɗaya-ɗaya, minti uku-uku. Wanda bai so magana ba a ƙyale shi, wata rana zai buɗe baki. A rufe da yi wa juna addu'a a kan abin da aka ji. Kuɗin aji a ƙarshe ake karɓa, a rubuta, kuma ba a kiran sunan wanda bai biya ba a gaban mutane.

Abubuwa uku ne suka fi kashe aji. Na farko gulma. Ranar da matar da ta faɗi damuwar aurenta ta ji labarin a bakin famfo, ajin ya mutu, ko da ana ci gaba da taruwa. Ki faɗi dokar riƙe sirri a fili tun ranar farko, ki riƙa maimaita ta. Na biyu mai dogon zance da ke cinye rabin lokaci. Ki same shi a keɓe, ki ba shi aikin duba agogo. Na uku abinci. Idan ana zagaya gidaje, mai hali ya kawo shinkafa da lemo, gwauruwa mai ɗaki ɗaya za ta fara neman uzuri kafin layi ya zo kanta. A yanke cewa ruwan sha kaɗai za a kawo a kowane gida.

Littafin aji kuma ba na ado ba ne. Wanda ba a gani ba sau biyu a jere, ki je ki gan shi. Wanda ya kwanta ciwo, Rabaran ya ji a ranar. Wanda aka yi wa canjin wurin aiki, a ba shi takardar shaida ya kai ikilisiyar da ya koma, kada sunansa ya zauna a littafinki shekara uku alhali yana Gusau. Ina kyautata zaton cikin 31 ɗin nan akwai irinsu. Kuma in akwai tsohuwar da gonarta ta fi ƙarfinta, ajin ya yi mata gayya ranar Asabar. Wannan ya fi wa'azi goma jawo mutane.

Rabaran ɗinmu sau ɗaya yake zuwa a wata. Ni aka ɗora wa shirya Jibin Ubangiji, kuma sau biyu ruwan inabin yana yin tsami. Ran da mai wa'azi bai zo ba kuma sai mu rasa abin yi.
*Wani dattijo, Yawuri*

Baba, zuwan Rabaran sau ɗaya a wata tsarin Metodis ne tun asali. Majami'u da dama ake haɗawa a sakit ɗaya, masu wa'azi da aka horar daga cikin jama'a su riƙe sauran Lahadin bisa jadawalin da ake fitarwa duk wata uku. Jibin Ubangiji dai sai wanda aka naɗa ne ke jagorantarsa. Aikinka shi ne ka kira wanda sunansa ke kan jadawali tun ranar Alhamis, ka tabbatar zai zo, ka karɓi nassi da lambobin waƙoƙi ka ba mawaƙa. In ya zama dole bai zo ba, sujada ba ta faɗuwa: a yi waƙa, a karanta nassosin ranar da Zabura, a yi addu'o'i, wani jagoran aji ya yi gajeriyar gargaɗi. Kada a miƙa bagadi ga baƙon da ba a san koyarwarsa ba don kawai ya iya magana.

Batun tsami kuwa, 'yan Metodis ruwan inabi marar sa maye suke amfani da shi. Wani ɗan Metodis a Amurka, Thomas Welch, shi ne a 1869 ya dafa ruwan inabi ya rufe domin kada ya zama giya. Da zarar an buɗe kwalba wannan kariyar ta ƙare, kuma a zafin Maris da Afrilu na ƙasar nan, ba tare da firji ba, kwana kaɗan ya isa ya juya. Kuskuren shi ne ajiye ragowar wannan wata zuwa wata mai zuwa. Ka sayi daidai buƙata. Ƙaramin kofin Jibi yana ɗaukar kamar mililita 15, ke nan lita ɗaya za ta ishi mutum sittin da 'yan kai. Ka tambayi jagororin aji yawan masu karɓa, ka ƙara kofi goma saboda baƙi. A zuba da safiyar Lahadi, a rufe da farin ƙyalle saboda ƙuda da ƙurar hunturu. Gurasa ma da safen za a yanka, don in ta kwana a yanke takan bushe ta farfashe. Ka ware na marasa lafiya da Rabaran zai kai wa gida, ragowar kuma ka tambaye shi yadda za a yi da ita cikin ladabi. Kofuna a wanke da ruwan zafi da sabulu a ranar, a bar su su bushe sarai kafin a rufe akwati, in ba haka ba za su yi fumfuna.

Da Turanci ake sujada a majami'armu. Waɗanda Hausa kaɗai suke ji sukan zo sau biyu ko uku su ɓace.
*Wata uwa daga Zumuntar Mata, Jega*

Mama, wannan ciwo tsoho ne. A Ayyukan Manzanni sura 6, gwauraye masu jin Helenanci ne aka riƙa mantawa da su wajen rabon abinci, kuma manzanni ba su ce su yi haƙuri ba, mutum bakwai aka zaɓa aka ɗora wa aikin. Majami'un Metodis da yawa a wannan yanki Yarbawa da Ibo da Idoma ne suka kafa su, waɗanda aiki ko kasuwanci ya kawo, don haka Turanci ya zama harshen haɗuwa. Amma ikilisiyar da ke zaune a Jega ba ta da hujjar barin Hausa a bakin ƙofa.

A sami tafinta tsayayye, a ba shi nassi da kan maganar tun ranar Juma'a. Aya kuma ya karanta ta daga Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda yake hannun mutane tun 1932, kada ya juya ta da ka. Mai wa'azi ya sani fassara tana ninka lokaci: wa'azin minti 20 zai zama 40, wanda ya shirya na minti 45 kuwa zai ga iyaye mata suna fita da yara. Sanarwa ita ce aka fi mantawa a fassara, alhali a nan ake jin wa ya haihu, wa ya rasu, yaushe za a je gaisuwa. Wanda bai ji sanarwa ba baƙo ne har abada. A bar wa Zumuntar Mata waƙa biyu da tukunyarsu da caki a cikin sujada kanta, ba bayan an yi albarka ba. Sannan a buɗe aji ɗaya na Hausa zalla, jagoransa ya zauna a taron shugabanni yana da murya kamar kowa.

Bayan bikin godiyar kaka sai maganganu su tashi a kan kuɗi da hatsi. Yaya za a tsare wannan?
*Wani matashi, Argungu*

Ɗan'uwa, Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawa shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa sura 8 ya nemi abokan tafiya domin kada a sami abin zargi. Baiko mutum uku ne za su ƙirga, waɗanda ba gida ɗaya suka fito ba, nan take bayan sujada, su rubuta su sa hannu. Ba a zarar kuɗin man janareto daga faranti kafin a rubuta, ko da za a mayar. Ranar Litinin a kai banki, cirewa kuma sai da sa hannun mutum biyu. Mai turawa ta waya ya tura asusun ikilisiya, ba na ma'aji ba. Duk wata uku a karanta rahoto a fili.

Hatsi a auna shi a gaban shaidu, mudu-mudu ko buhu-buhu, a rubuta. A fitar da rabon gwauraye da marayu kafin a fara gwanjo, kuma abin da aka saya a gwanjo a biya kafin a ɗauka, domin alkawarin da aka yi cikin farin ciki shi ne bashin da ya fi wuyar karɓa. Wanda za a ajiye a gwada bushewarsa: a zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a sake shanyawa. Wake a sa shi a buhu mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban. Buhuna a ɗora su a kan katako, nesa da bango.

Ana tsoron fita da dare a yankinmu. Dole ne mu yi sujadar tsallake shekara har sha biyu? Mece ce kuma sujadar Alkawari?
*Wani jagoran matasa, Danko-Wasagu*

Ba dole ba ne. Kwanan addu'a al'ada ce mai kyau da ta faro tun zamanin Wesley, amma ba doka ba ce, kuma ran mutane yana gaba da agogo. Ku fara da ƙarfe huɗu ku tashi kafin magariba, iyalai su ƙarasa addu'ar a gida. Inda ake iya kaiwa dare, a sanar da mai unguwa da jami'an tsaro tun da wuri, a juya lasifika ciki saboda maƙwabta.

Sujadar Alkawari, wadda Wesley ya fara yi a Landan a 1755, yawanci Lahadin farko na shekara ake yin ta, da rana, tare da Jibin Ubangiji. A cikinta jama'a ke miƙa kansu ga Allah gaba ɗaya, ko a wadata ko a rashi, ko da aiki ko babu. Kalmomin suna da nauyi, bai kamata mutum ya fara jin su a ranar da zai furta su ba. Ku nemi rubutun addu'ar a wurin Rabaran tun farkon Disamba, a juya shi zuwa Hausa, ko C'lela in ita jama'a suka fi ji, a raba wa jagororin aji su karanta da mutanensu mako biyu kafin ranar.