Baban yara ya daina aiko da kuɗin ciyarwa, ina mafita?

Tambaya: Barista, mun rabu da mijina a 2022, ina riƙe da yaranmu uku a gidan mahaifina a Kano. A gaban baffana da yayansa ya ɗauki alkawarin N30,000 duk wata. Wata shida ya yi yana bayarwa, daga nan sai yau da gobe. Da ya yi sabon aure ya koma ɗinkin sallah kawai, yanzu shekara biyu ke nan ko sisi. In na aika sai ya ce in na gaji in kawo masa 'ya'yansa. Zan iya karɓar na baya? Kuma zai iya ƙwace su?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya raya miki su, Ya saka miki da alheri. Irin labarinki na sha ji a ofishina, kuma kusan hanya ɗaya yake bi. Watannin farko uba kan bayar, don idon manya yana kansa. Da ya yi amarya, ko ya ji ke kin fara tsayawa da wani, sai kuɗin ya fara tsallaken wata, ya koma kwanon shinkafa da azumi, ya ɗauke gaba ɗaya. Abin da na lura da shi shi ne alkawarin zaure ba ya daɗewa, don ranar da aka saɓa shi babu mai ikon tilastawa.

Ciyar da yaran nan wajibi ne a kan ubansu, kuma saki bai sauke masa shi ba. Aya ta 233 cikin Suratul Baƙara da aya ta 7 cikin Suratuɗ Ɗalaƙ sun ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba gwargwadon ƙarfinsa. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na shari'a ke bi, yana ciyar da ɗa namiji har ya balaga yana iya neman na kansa, mace kuwa har ta tare a gidan mijinta.

Maganar "kawo min 'ya'yana" kada ta hana ki barci. Riƙon yara, wato hadana, haƙƙinki ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare. Ba shi da hujjar cewa sai suna gidansa zai ciyar. Ko da kin yi wani auren, mahaifiyarki ce ke biye da ke a wannan haƙƙi, kuma can zai riƙa kai kuɗin. Sai dai in ya tabbatar wa alƙali cewa yaran na cutuwa a hannunki.

Na baya kuwa, nan ne nake so ki natsu, don nan mata da yawa ke yin asara. Ƙa'idar da ke cikin Mukhtasar na Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, ita ce ciyarwar 'ya'ya tana faɗuwa da wucewar lokaci, saboda an wajabta ta ne don toshe yunwar ranar. Abu biyu ne ke hana ta faɗuwa: ko alƙali ya riga ya yanka ta, ko kuma wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, alhali uban yana da hali. Ke ba ki da hukuncin kotu, don haka ƙofa ta biyu ce taki. Alƙali zai so ya ji cewa ba kyauta kika yi ba, yana iya sa ki rantsuwa a kan haka. Baffanki da yayansa shaidu ne a kan alkawarin. Saƙonnin da kika tura masa ta WhatsApp kina neman kuɗin, rasit ɗin makaranta, katin asibiti, alat ɗin banki na watannin da ya biya, ki tattara su tun yau. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa min da littafin rubutu na 'yan firamare, ta rubuta kowane mudun gero da kowane maganin zazzaɓi da kwanan watansa. Littafin nan ya yi mata aikin da bakina ba zai iya yi ba. Duk da haka ba zan yi miki alkawarin na shekara biyu zai fito cif ba.

Tambaya ɗaya da ba ki taɓo ba: saki ya yi, ko khul'i kika yi, wato kika fanshi kanki? In khul'i ne kuma kin amince za ki ɗauki ciyarwar yaran na wani lokaci, ki nuna wa lauya takardar kafin komai.

Shawarata ki shigar da ƙara a kotun shari'a mafi kusa da ke, kada ki ƙara jiran wata sallar. Kina iya fara zuwa Hisbah a gwada sulhu, sau da yawa ana dacewa, amma in an daidaita ki kai takardar gaban alƙali ya mayar da ita hukunci. Ki roƙi a rubuta adadi, da ranar biya, da asusun da za a tura, a ware kuɗin makaranta da na magani daban. Kada ki tsaya a kan N30,000. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kasuwa ta koma, kuma kina da damar komawa kotu a sake duba adadin duk lokacin da ya gaza. In ma'aikaci ne, ki nemi a riƙa cirewa daga albashinsa. In yana da hali ya ƙi bin hukunci, kotu na iya kama kadararsa ko ta tsare shi. In hukuncin bai yi miki ba, akwai ɗaukaka ƙara.

In kuma da gaske ya karye, shari'a ba ta tilasta wa marar shi, kuma a Malikiyya nauyin ba ya komawa kan kakan yaran ko baffanninsu, abin da suka yi zumunci ne. Amma mai shago a buɗe da sabuwar amarya a ɗaki zai sha wuya kafin alƙali ya yarda cewa babu.

In kuɗin lauya ne damuwarki, ki je ofishin Legal Aid Council ko na ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suna taimaka wa marasa ƙarfi kyauta. Ki tafi da takardar saki, da takardun haihuwar yaran, da baffanki.