Tayar a-kori-kura mai lantarki ta fashe mini a hanya: wacce zan saya yanzu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da a-kori-kura mai aiki da lantarki, ƙirar ƙasar Sin, shekararta biyu a hannuna. Da ita nake kwaso aya da wake daga wajen Agye da Madarunfa zuwa Maradi, da ita kuma ake kai yarana makaranta. Tayoyinta na asali sun fara suɗewa tun ba su cika kilomita 30,000 ba. Satin da ya wuce tayar baya ta fashe mana kusa da Jiratawa da tsakar rana, da kaya a baya da ɗana a gefena. Allah ne kawai ya tsare. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. A kasuwa an nuna mini tayoyi na hannu masu lamba 265/65 R17 irin tawa, an ce na Hilux ne, za su hau daidai. Wani kuma ya ce in sa masu manyan haƙora. Mai facina ya ce iska ce ta yi yawa shi ya sa ta fashe, don haka ya ƙara rage mini a sauran, kamar yadda yake yi duk bazara. Wacce zan saya? Daga wani mai karatu a Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara tsarewa, ya raya yaron. Kafin ka sayi komai, kafin ma ka gama karanta wannan amsa, ka sa a mayar da iskar da mai facin nan ya sace maka, a kuma bar motar a gida ba lodi har sai an sauya tayoyin. Zan dawo kan wannan, don can ne hatsarin yake. Bari mu fara da sayayya.

Suɗewar da ka gani ba abin mamaki ba ce. Motar lantarki tana yawo da batirinta ko da babu kaya. Batirin Ford F-150 Lightning mai dogon zango ya kai wajen kilo 800, wato buhu takwas na gero ke nan a ƙarƙashin mota kullum. Rivian R1T ta haura tan uku ba tare da an ɗora mata ko tsinke ba, alhali Hilux mai ƙofa huɗu tana wajen tan biyu da ɗan wani abu. Taka ba ta kai waɗannan na Amurka ba, amma ta fi 'yar'uwarta mai gazuwal nauyi. Ga kuma ƙarfin injin lantarki da yake zuwa gaba ɗaya da ka taɓa totur. Duk fizgar nan roba ce take biya.

Lambar 265/65 R17 girma kawai take faɗa. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biye da ita, lamba da harafi, kamar 112S ko 116T. Lambar ita ce nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka: 107 kilo 975 ne, 110 kilo 1,060, 112 kilo 1,120, 116 kilo 1,250, 121 kilo 1,450. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ƙarfen, ita ce alƙali. Lambar da kamfani ya rubuta a wurin, ko wadda ta fi ta, ita za ka saya. Kada ka sauka ƙasa da ita ko da maki ɗaya. In tayar asali tana da XL ko HL a jiki, wato alamar tayar da aka ƙarfafa don ɗaukar ƙarin nauyi, sabuwar ma ta zo da shi. Harafin kuma gudu ne: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210. Na san ba ka wannan gudun, amma tayar da aka ƙera don gudu mai yawa ta fi jure zafi, kuma zafi ne matsalarmu a nan. In ka ga an rubuta darajar zafi a gefen tayar, A ta fi B, B ta fi C. Ni ba na sa wa motar lodi C a ƙasar nan.

Ba dole ba ne sai tayar da aka buga wa tambarin motar lantarki, irin su Hankook iON ko Pirelli Elect. In ka samu, madalla, suna rage cin batir, wasu kuma da soso a ciki don rage ƙara. In ba ka samu ba, sabuwar taya ta sanannen kamfani mai cikakkiyar lambar nauyi ta wadatar. Masu manyan haƙoran nan na laka kuwa ka bar su. Suna shan caji, suna ƙara kamar jirgi, kuma a kan gudro birkinsu bai kai ba. Kamfanin Rivian da kansa ya faɗa cewa tayarsa ta daji tana rage zangon motar da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Mai motar fetur in mai ya ƙare zai samu na kwalba a bakin hanya, kai kuwa in caji ya ƙare maka tsakanin Tasawa da Damagaram sai dai a jawo ka. Tunda kana shiga ƙauye, nemi mai matsakaicin zane, wadda ake rubuta wa A/T, ko mai LT, wato ta ƙananan motocin ɗaukar kaya, in lodinka kullum a cike yake. Sai dai ka sani LT tana son iska fiye da tayar asali kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya, don haka mai sayarwa ya duba maka teburin kamfanin tayar, kada ya yi maka kintace.

Na hannun da aka nuna maka, a'a. Duba gefen tayar inda aka rubuta DOT, lambobi huɗun ƙarshe sati ne da shekara: 2318 na nufin sati na 23 na 2018. Kamfanin taya na Michelin na cewa in taya ta shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko da zanenta na nan, wasu kamfanonin mota ma shida suke cewa.  Tayar da ta gama aikinta a Turai, aka cusa ta cikin wata, aka danne a kwantena, ta zo ta kwanta a rana a bakin kasuwa an shafe ta da baƙin mai tana ƙyalli, ba ka san abin da wayoyin cikinta suka gani ba. Akwai ma masu sake yanka zane da ƙarfe mai zafi a tayar da ta suɗe. Jikar da ka rage a nan, asibiti za ta tafi.

To, yanzu maganar iska. Wallahi Alhaji babu maganar da ta gajiyar da ni a wannan sana'a kamar wannan. Kusan kullum sai na ji ta, daga direban tasha har mai digiri: wai da zafi iska tana kumbura, don haka a rage kada taya ta fashe. Mai faci ya gada daga ubangidansa, shi ma ya gada daga nasa, babu wanda ya taɓa yanka tayar da ta fashe ya duba cikinta. Ni na yanka, ba ɗaya ba, ba goma ba. Abin da ake gani a ciki garin roba ne baƙi kamar gawayi, da gefen taya da ya ƙone ya yi zobe. Wannan alamar ƙarancin iska ce.

Ga yadda abin yake. Roba ba ta ɗaukar kaya, iskar da ke ciki ce take ɗauka. Kilo 1,120 ɗin nan na lamba 112 ba ya tabbata sai taya na da cikakkiyar iskarta, wato bar 2.5 (bar ma'aunin ƙarfin iska ne a geji) a tayar da aka saba, bar 2.9 a mai XL. Ka rage iska, ka rage nauyin da za ta iya ɗauka, alhali buhunan aya da batir suna nan yadda suke. Sai gefen tayar ya riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi. Tayar girman taka tana juyawa sama da sau 400 a kilomita ɗaya. Ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, ka taɓa wurin ka ji yadda yake ƙuna kafin ya karye. Haka wayoyin ƙarfen cikin taya suke yi. Zafin nan na ciki ya haɗu da na gudron Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa ma ta wuce digiri 40, sai roba ta saki waya, zanen ya ɓare gaba ɗaya. Tayarka ta baya ce ta fashe, inda lodi yake, da tsakar rana, bayan an daɗe ana rage mata iska. Ban ga tayar ba, amma duk alamomin wuri ɗaya suke nunawa.

Gaskiya ne iska tana ƙaruwa in taya ta yi zafi. Amma nawa? Wajen bar 0.1 a kowane digiri 10. Bayan doguwar tafiya za ka ga ƙarin 0.2 ko 0.3, wani lokaci sama da haka kaɗan. Masu ƙera taya sun san da wannan, da shi suka yi lissafinsu, kuma lafiyayyar taya tana jure ninkin wannan nesa ba kusa ba. Shi ya sa lambar da ke jikin ƙofa ta taya mai sanyi ce. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wanda zai tsaya a tsakiyar tafiya, a sa geji a taya mai zafi, a ga ta hau, a tsiyaye. Gobe da asuba ta huce, ta koma ƙasa da ƙa'ida sosai, a yi lodi a hau hanya. Da rana ta fi jiya zafi, a sake tsiyayewa. Haka ake yi har ranar da za ta tashi, sannan a ce ai ga shi, zafi ne.

Ba mu kaɗai wannan ya ci ba. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, bayan zanensu ya riƙa ɓarewa a motocin Ford Explorer, daga baya aka ƙirga rayuka sama da 200 da aka rasa. Akwai aibi a ƙirar tayoyin, amma ƙarancin iska da zafi da lodi suna cikin abin da aka yi ta jayayya a kai, kuma abin ya fi yawa a jihohi masu zafi da ƙasashe irin Saudiyya da Benezuwela. Daga nan aka yi dokar da ta sa tun 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota a Amurka take zuwa da na'urar gargaɗin iskar taya, Turai ta bi a 2014. Fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke kunnuwa a gabanka, da jinin mutane aka samo ta. Mu kuma a nan sai a ce kwamfutar mota ce ta rikice, har na ga wanda ya liƙe ta da baƙin salatif don kada ta dame shi.

Na san inda al'adar ta samo asali. A rairayi mai zurfi, irin na hanyoyin ƙauyukan Dakoro da Mayahi, rage iska yana taimakawa, taya ta baje ta daina nutsewa. Wannan daidai ne, amma a hankali ake tafiya, kuma da an fito kan gudro ake mayar da iskar nan take. Masu tsofaffin motocin daji sun san rabin farko, rabin na biyu ne ya ɓace a hanya. Kai da motarka ke da wurin jona wuta, sayi ƙaramin famfon lantarki da gejinka na kanka ka ajiye a bayan kujera. Gejin bakin hanya da yawa sun sha faɗuwa, wasu ma da guduma ko ƙafa suke awo.

'Yan'uwana masu faci, ku ji tsoron Allah. Mutum ya kawo muku mota, amanar ransa da ta iyalinsa ya kawo. Faɗin "ban sani ba, bari mu duba takardar ƙofa" bai taɓa rage wa kowa arziki ba. Wanda ya tsiyaye iskar motar da za ta ɗauki mata da yara zuwa Dan Isa saboda wata magana da ya ji ba tare da ya bincika ba, in abu ya faru yana da kaso a ciki, ko ya sani ko bai sani ba. Mu masu mota ma da namu. Muna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, alhali an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Ranar da za a ɗaura sababbin, ka tsaya a wurin da kanka. Huɗun za ka sauya, iri ɗaya, domin sauran ukun sun sha wahalar da 'yar'uwarsu ta sha, kuma ka duba shekarar safaya. Kada a sa jak ko'ina sai inda littafin mota ya nuna, don batir shimfiɗe yake a ƙasa, in aka huda shi ko aka lotsa shi, kuɗinsa ya ninka na tayoyi sau da yawa, ga haɗarin gobara. A kula da na'urar gargaɗin iska da ke manne da bakin iska, ƙarfen ɓare taya yana karya ta. A yi balansin, a daidaita ƙafafun motar, sannan a riƙa juya tayoyin gaba da baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. Takardar ƙofa takan ba da awo biyu, na mota wayam da na cikakken lodi. Kai na lodi ne naka, kuma da safe za ka auna kafin motar ta motsa, duk sati biyu da kuma duk ranar da za ka yi doguwar tafiya. In tayar da ta fashe tana nan ba a yar ba, ka aiko mini da hoton cikinta da na takardar ƙofar, in faɗa maka lambar da za ka nema.