Ko Allah ya manta da ni ne?

'Yar'uwa, sannu. Kin ce shekara 2 maigidanki ba aiki, kina ta addu'a amma shiru kamar an shuka dusa.

Dubi Yusufu. Yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Yaron da ke ta ba da labarin mafarkinsa, a bauta da kurkuku ya koyi riƙon amana, har shugaban gidan yari ya damƙa masa fursunoni duka. Abin da Manzo Bulus ke nufi ke nan a wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura 5: wahala takan haifi jimiri, jimiri ya gina hali.

Amma fa kada ki ɓoye wa zumuntar mata ta coci. Lokacin da muka shiga irin wannan, wata baba ce take kawo mini mudun masara a ɓoye cikin zane.