Kwamfuta na kunne amma shasha ta yi baƙi: tambayoyinku da amsoshinsu

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk kuka ɗaya suke yi, wato kwamfutar tebur ta tashi amma fuskarta ba ta nuna komai, ko kuma tana nuna abin da ba shi ke nan ba. Na zaɓi biyar daga ciki. Ga masu karanta mu daga gida, idan kun ji na ce shasha to sikirin nake nufi, haka bakinmu ya saba a nan Saudiyya, katin shasha kuma shi ne katin da ke sarrafa hoto a cikin kwamfuta.

Tambaya daga wani Alhaji mai shagon buga takardu a Shara Mansur, Makka: Malam, na matsar da kwamfutata don a share shago, da na mayar na kunna sai fanka ke juyawa, fitila na ci, amma shasha ta rubuta "No Signal" ta ɗauke. Mai gyara ya ce katin shasha ya ƙone, kuɗin da ya faɗa kuwa sun kusa sayen wata kwamfutar. In saya?

Amsa: Alhaji, kada ka saya tukuna. Kwamfutar da ke aiki lafiya jiya, aka ɗaga ta aka ajiye, da wuya a ce a cikin wannan ɗagawar kati ya ƙone. Abin da ya fi faruwa shi ne wani abu ya kwance ko an mayar da waya ba a muhallinta ba.

Wannan rubutun na "No Signal" ma albishir ne. Shashar ce da kanta ta rubuta shi, ba kwamfutar ba, ma'ana tana samun wuta, fitilunta na ciki suna da rai, kawai ba ta ji komai daga kwamfutar ba ne. To mun cire ta daga zargi, saura waya da na'urar.

Leƙa bayan kwamfutar. Idan tana da katin shasha na daban, za ka ga wurin sa wayar hoto kashi biyu: ɗaya a sama kusa da ramukan USB, wannan na madabod ne, wato babban allon da komai ke jone a jikinsa, ɗaya kuma can ƙasa a kwance, wannan shi ne na katin. Wayar a na ƙasan take shiga. Yawancin kwamfutoci da zarar sun ga kati a jiki suna rufe na saman, sai mutum ya sa waya a can ya zauna yana jiran hoton da ba zai zo ba. Ba zan iya ƙirga sau nawa aka kira ni kan wannan ba, in je in cire waya in mayar ƙasa, mai gida ya rasa ko ya gode ko ya ji kunya. Bayan haka duba maɓallin shashar da ke zaɓar mashiga, domin idan wayarka ta HDMI ce ita kuma tana sauraron VGA, shiru za ka ji har gobe. In akwai talabijin a kusa, jona kwamfutar da shi, ko ka ari wata waya wurin maƙwabci.

In duk wannan bai yi ba, gwada wata dabara mai sauƙi. Kunna, ka jira kamar minti biyu, ka danna Caps Lock a kibod. Idan ƙaramar fitilarsa tana kamawa tana mutuwa, kwamfutar ta tashi, hoto ne kawai bai iso ba. Idan fitilar ba ta motsa ba, to na'urar ba ta ma wuce binciken da take yi wa kanta a farkon tashi ba, kuma a irin wannan na fi zargin ram, wato siririn allon ƙwaƙwalwar aiki da ke soke a madabod, fiye da kowa.

Kashe, zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 don ragowar wutar ta fita. Buɗe murfin gefe, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai a ciki. Buɗe 'yan maƙallan da ke riƙe da ram, zare shi, ka goge haƙoransa masu ruwan zinare a hankali da robar goge fensir, ka hure ramin, ka mayar ka danna har ka ji ƙas. Idan biyu ne, gwada ɗaya-ɗaya. Shi ma katin shasha haka za ka yi masa, sai dai yana da ƙusa a baya da maƙalli a ƙarshen raminsa, kada ka fizga. Ƙurar Makka ba ta da wasa, ga shagon da ke bakin titi ƙofa a buɗe, tana shiga tsakanin haƙoran nan ta zauna, girgiza kaɗan ta ishe su rabuwa.

Ka kuma saurara. Wasu kwamfutocin suna kuka idan sun ga matsala, kuma kukan yana da ma'ana. A tsofaffin madabod da yawa, dogon kuka ɗaya da gajeru biyu yana nufin ɓangaren hoto ne, amma kowane kamfani da yarensa, sai ka duba na samfurin taka. Dell kan yi magana da ƙiftawar fitilar maɓallin kunnawa. Sababbin madabod kuma suna da ƙananan fitilu huɗu da aka rubuta wa CPU, DRAM, VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne ita ce ke nuna maka mai laifi.

Abu na ƙarshe kafin ka yarda da mai gyara: cire katin gaba ɗaya, ka sa waya a mashigar sama. Idan furosesarka, wato guntun da ke yi wa kwamfuta lissafi, tana da nata hoton, kamar yawancin kwamfutocin ofis na HP da Dell da Lenovo, za ka ga shasha ta kawo. A nan ne za a iya zargin katin. Kuma ko da ya mutun, aikin buga takardu da cike fom bai buƙatarsa, ka ajiye shi a durowa ka ci gaba da sana'arka. In har an cire katin ma shiru, akwai ƙaramin batiri mai kama da kwabo a kan madabod, CR2032 mai bolt 3, cire shi na minti biyar ka mayar, saitin farko zai dawo.

Bari in ɗan ratse, tunda hannunka zai je bayan kwamfutar. Wasu tsofaffin akwatunan wuta, wato masu raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, suna da ɗan jan maɓalli mai 115 da 230. Kada yaron shago ya taɓa shi da sunan gwaji. Har yanzu akwai tsofaffin gidaje a Makka da Jidda masu soket iri biyu, na 127 da na 220, kuma idan maɓallin nan yana kan 115 aka soka a 220, ƙara za ka ji da hayaƙi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Tambaya daga wani matashi a Jidda: Yaya, na haɗa kwamfuta da kaina, furosesa Core i5-12400F, komai sabo, katin shasha ne kawai zan saya ƙarshen wata. Na sa HDMI a madabod babu hoto. Madabod ɗin ce ta lalace?

Amsa: Ƙanena, lafiyarta ƙalau. Harafin F ɗin nan da ke ƙarshen sunan shi ne amsarka. A wurin Intel yana nufin furosesar ba ta da sashen hoto a cikinta. Mashigar HDMI da ke madabod ƙofa ce kawai, hoton daga furosesa yake fitowa, taka kuwa ba ta da shi. Haka abin yake a wurin AMD: Ryzen 5 5600 ba ta da hoto, 5600G tana da shi. Ka jira albashi, ko ka aro tsohon kati ka gwada sauran kayan tun garantinsu bai yi nisa ba. Ranar da ka sa sabon katin, ka tuna ramin madabod wat 75 kawai yake bayarwa, babban kati sai an ƙara masa waya daga akwatin wuta, mai haƙori 6 tana ƙara wat 75, mai 8 kuma 150. Idan ram ɗinka DDR5 ne, tashin farko yana iya ɗaukar 'yan mintoci shasha na baƙi, kada ka yi gaggawar kashewa.

Tambaya daga wata Hajiya a Madina: Malam, ita tawa tana nuna tambarin kamfani da na Windows, daga nan sai duhu, sai kibiyar linzami kawai nake gani tana yawo. Ya fara ne bayan ta yi sabuntawa da dare. An ce sai an yi mata fomat, ni kuma hotunan auren 'yata suna ciki.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri a auren. Kada ki bari a yi fomat. Kalmar nan ta zama kamar fanadol a bakin wasu masu gyara, kowace cuta ita ce magani, alhali ga hotunan mutane na tafiya a banza.

Tunda kina ganin tambari da kibiya, shasharki da wayarki da katinki duk suna aiki. Matsalar tana cikin Windows, galibi direban hoto, wato manhajar da ke fassara tsakanin Windows da katin. Fara da danna maɓallai huɗu tare: na Windows, Ctrl, Shift da B. Za ki ji ɗan ƙara, shasha ta ƙifta, wannan yana sake tayar da direban ne. In bai yi ba, danna maɓallin Windows da P tare, ki sake danna P, sannan Enter. Wani lokaci kwamfuta takan ɗauka akwai shasha ta biyu, musamman idan yara sun taɓa jona ta da talabijin, sai ta tura hoton can. Ki maimaita sau uku ko huɗu. Akwai kuma Ctrl, Shift da Esc, idan taga ta buɗe ki zaɓi fara sabon aiki ki rubuta explorer.exe, shi ne ke zana fuskar da kika saba gani.

Idan duk sun ƙi, sai a shiga ta ƙofar baya. Kunna, da zarar tambarin Windows ya fito ki danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Ki yi haka sau biyu ko uku, za ta kai ki shafin gyara mai launin shuɗi. Daga nan za ki iya cire sabuntawar ƙarshe kai tsaye, ko ki bi saitin tashi ki danna 4 don shiga "Safe Mode", yanayin da Windows ke tashi da direba mai sauƙi. Da kin shiga, kafin komai, kwashe hotunan nan zuwa filashi. Sannan a buɗe "Device Manager" a mayar da direban hoto zuwa tsohon, ko a cire shi a ɗauko sabo daga shafin NVIDIA, AMD ko Intel, gwargwadon wanda ke jikin taki. Idan Windows 10 ce, ki sani Microsoft ta daina tallafa mata na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, sai a fara shawarar gaba, amma ba yau ba.

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Riyad: Idan na fara wasa ko haɗa bidiyo sai in ga layuka da ɗige-ɗige masu launi, can sai shasha ta mutu fankoki su hau ihu.

Amsa: Ɗan'uwa, a nan kam katin ne abin zargi, amma zafi da ƙarancin wuta suna iya sa lafiyayyen kati ya yi irin wannan haukan. Lokacin da layukan suka fito, ɗauki hoton shasha da maɓallin Print Screen ka tura wa wayarka. Idan a waya hoton ya fito tsaf, galibi shasha ce ko kebul. Idan layukan sun biyo hoton, daga cikin kwamfutar suke. Idan kuwa kana ganinsu tun a tambarin farko kafin Windows ta tashi, to ba ruwan direba, mai yiwuwa ƙwaƙwalwar katin ce ta fara gajiya.

Sa manhaja irin GPU-Z ko HWiNFO ka kalli zafinsa yana aiki. Digiri 70 zuwa 80 ba abin tashin hankali ba ne, amma in yana haura 90 akwai magana. A bazarar Riyad, inda zafin waje ke wuce 40, ɗaki babu mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, akwati a kan kafet a lungun tebur, me kake so kati ya yi? Fitar da shi, hure ƙurar da iska kana riƙe da fankar don kada ta yi ta juyi, in ya kai shekara huɗu ko biyar a canza masa man da ke tsakaninsa da ƙarfen sanyaya shi. Sai akwatin wuta: mutuwar da ke zuwa daidai lokacin da aiki ya yi nauyi ta fi kama da wutar da ba ta isa ba, musamman irin akwatin da ba shi da suna. Za ka ji masu cewa a gasa katin da na'urar hura zafi. Yakan farfaɗo na ɗan lokaci ya sake mutuwa, kuma irin waɗannan ake kaiwa haraj, wato kasuwar kayan hannu, a sayar wa wanda bai sani ba. Duk mai sayen kati na hannu, ya sa a kunna masa shi da aiki mai nauyi na rabin awa a gabansa kafin ya miƙa riyal ɗaya.

Tambaya daga wani dattijo a Ɗa'if: Ɗana, shashata ta koma ruwan hoda gaba ɗaya, in na taɓa wayar sai ta gyaru.

Amsa: Baba, ka riga ka gano da kanka. Wayar nan mai shuɗin kai ita ce VGA, tana da haƙora 15, kuma ja da kore da shuɗi kowanne da haƙorinsa. Idan na kore ya lanƙwashe ko bai taɓa sosai ba, ja da shuɗi ne ke saura, su ne suke ba ka ruwan hoda. Ɗaure ƙusoshin nan biyu na gefe, in bai daina ba a sayo wata wayar, kuɗinta kaɗan ne. Idan jikanka zai sayo maka mahaɗi tsakanin HDMI da VGA, ya faɗa wa mai shago wanne ne a jikin kwamfuta, wanne ne a jikin shasha, domin hanya ɗaya yake bi, wanda aka yi don HDMI zuwa VGA ba ya aiki in an juya shi.