Ku Tambayi Baba: Tsohuwar Bindigar Soja a Rufin Ɗaki

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan tsofaffin bindigogin soja suke, kuma abin ya yi mini daɗi, don a ma'ajiyar makamai na ƙare aikina kafin in yi ritaya. Na taƙaita wasiƙun saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Muna gyaran tsohon gidanmu, da aka kware rufin ɗakin marigayi kakanmu sai ga doguwar bindiga naɗe cikin tsumma da buhu. A gefenta na hagu an rubuta No 4 Mk I* da LONG BRANCH da 1943, ga kuma wata alama kamar kan kibiya a cikin harafin C. Kakanmu ya je yaƙin Boma. Ƙanena na so mu goge ta da samfefa, mu yi mata fenti, mu gwada ta ranar hawan Sallah. Mene ne shawararka? (Jikan tsohon soja, Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai, ka raba ƙanenka da bindigar nan yau ɗin nan. Kada a taɓa kunamarta, kada a nuna bakinta ga kowa, ko da wasa. Wanda ya ɓoye bindiga a rufi ba lallai ne ya sauke harsashin cikinta ba, kuma harsashin da ya shekara tamanin yana iya tashi.

Abin da ke hannunku Lee-Enfield ce mai lamba huɗu, wadda mutanenmu suka fi sani da mak-fo, irin wadda 'yan sanda suka daɗe suna ratayawa a bakin hanya. Sojan Ingila ya fara karɓarta da yawa a 1941. Tana cin harsashi goma mai awon .303, ana cusa su biyar-biyar ta sama, nauyinta kilo huɗu da 'yan kai. Long Branch tsohuwar masana'anta ce a gefen birnin Toronto na ƙasar Kanada, kuma mata ne suka yi yawa a cikin ma'aikatanta lokacin yaƙi. Kan kibiyar nan tambarin kayan gwamnati ne. Da aka sa shi cikin C sai ya zama na gwamnatin Kanada. Ɗan tauraron da ke bayan Mk I kuwa yana nuna samfurin da aka sauƙaƙa ƙirarsa don a yi saurin fitarwa, kuma masana'antu biyu ne kawai suka yi shi: Long Branch, da kamfanin Savage na Amurka. Ka ga ke nan daga rubutu layi uku mun san mahaifarta, da shekarunta, da ubangidanta na farko. Wannan rubutun shi ne samfefar ƙanenka za ta fara ci.

Maganar Boma kuma, bari in gaya maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Mai yiwuwa ne ƙwarai kakanka ya riƙi Lee-Enfield a can. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta isa Indiya a 1943 ta shiga kwarin Kaladan na Boma, ta 82 ta bi bayanta, suka haɗu suka karɓe garin Myohaung a Janairun 1945. Sunayen barikokinmu ma, da aka ɗauko daga wannan yaƙin, shaida ne: Chindit nan garinku, Dalet da Kalapanzin a Kaduna. To amma soja ba a sallamarsa da bindiga. Kowace tana da lamba a littafin ma'ajiya, ranar sallama sai an ƙirga an ga ta cika. Saboda haka akwai yiwuwar wannan ta biyo wata hanyar ce daga baya, ko ta wajen 'yan sanda, ko lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da makamai suka watsu a hannun jama'a. Wannan bai rage wa kakanka komai ba. Ina dai so kada ku gina tarihin gida a kan zato.

Batun gwadawa ranar Sallah, a'a, kuma ba a'a ta tsoron tsufa ba ce. 'Yan bindigar sarki da kake ji suna ɓarin wuta a gaban dawaki, adaka suke ɗurawa da albarushi zalla, ƙara da hayaƙi ne kawai. Harsashin .303 yana barin baki da gudun kusan mita 740 a daƙiƙa ɗaya, yana kuma iya kashe mutum a nisan da ya wuce kilomita biyu. Wanda aka harba sama sai ya sauko, kuma ba ya tambayar kan wa. Sannan ita kanta bindigar ba a san halin da cikinta yake ba. Na taɓa leƙa bututun wata da aka kawo mana bayan ta shekara da shekaru a jingine, daga waje sumul, amma tocila ba ta ratsa ta ba: zanzaro ya yi gini a ciki, laka ta bushe ta zama kamar siminti, tsatsa ta ci ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Da an harba wannan, bututun ne zai kumbura ko ya tsage, hannun hagun mai harbi kuma a nan yake riƙe. Ka duba kuma ko akwai haruffan DP a jikin ƙarfen ko a katakon. In akwai, soja da kansa ya yanke mata hukuncin cewa ta fareti ce kawai, ba ta harbi ba.

Saura doka, wadda ita ce ta fi komai nauyi a nan. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Adaka da 'yan uwanta masu ɗuri ta baki, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da iko a kansu. Bindigar farauta, lasisinta na Sufeto Janar ne. Kashi na uku haramtattu ne sai da izinin shugaban ƙasa, kuma an ambaci bindigar soja mai awon .303 a cikinsu ƙarara. Dokar ba ta ce in ta tsufa ta fita daga lissafi ba, ba ta kuma ce gado ya halatta ta ba. Hukuncin riƙe ta ba izini a dokar ɗauri ne na aƙalla shekara goma. A irin halin da Arewa take ciki yanzu, wanda aka tare da mak-fo a bayan mota, labarin kaka ba zai fisshe shi ba.

Ga abin da zan yi in ni ne. Ku ɗauki hoton kowane rubutu da kowace lamba da ke jikinta, a inda take, ba tare da kun kwance komai ba. Babban gidan ya sanar da mai unguwa, a samu lauya, a je a shaida wa babban jami'in 'yan sanda na yankin a rubuce, su zo su ɗauka da kansu. Kada ku ɗauke ta ku bi titi da ita. Ku karɓi takardar shaidar miƙawa mai ɗauke da lambar bindigar, ku kuma rubuta roƙon a ba gidan tarihi ita maimakon a lalata. Gidan tarihin yaƙi na ƙasa yana Umuahia, kuma irin kayan da yake tarawa ke nan.

Sannan ku koma cikin akwatin tsohon. Ku nemi littafin sallamarsa, da lambarsa ta soja, da lambobin yabo. Wanda ya yi Boma yakan sami tauraro mai tsini shida, ƙyallensa ja a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan goro. Waɗannan su ne ke ɗauke da tarihinsa shi kansa, kuma ba wanda zai kama ku don kun rataye su a falo.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne a nan Ingila. Na je wata kasuwar tsofaffin kaya, na ga bindiga Martini-Henry da araha. Akwai kambi da haruffan VR da shekarar 1906, amma harafin N na ENFIELD a juye yake. Mai sayarwa ya ce ba ta buƙatar lasisi. Gaskiya ne? Kuma me Turawan nan ke samu a harba tsofaffin bindigogi alhali ga sababbi? (Ɗalibi, Birmingham, Ingila)

Amsa: Ɗana, mayar da kuɗinka aljihu, araha ba ta ado. VR tambarin Sarauniya Biktoriya ne, ita kuwa ta rasu a Janairun 1901, to wa ya buga sunanta a 1906? Wannan da juyayyen N sanannun alamu ne na aikin maƙeran yankin Khyber, tsakanin Pakistan da Afganistan, musamman garin Darra Adam Khel. Gwanaye ne ƙwarai, da hannu suke kwaikwayon bindiga har da tambarinta, sai dai ba wanda ya san irin ƙarfen da suka samu ranar. Akwai masu tara irinsu don sha'awa, amma mai hankali ba ya harba su.

Maganar lasisi kuwa rabin gaskiya ya gaya maka. Martini-Henry ta asali, wadda sojan Ingila ya karɓa a 1871, tana cin harsashi ɗai-ɗai mai awon .577/450, kuma dokar Ingila ta sa wannan awon cikin waɗanda aka daina yayi. Don haka ana iya ajiye tsohuwa ta gaske a matsayin kayan tarihi ba tare da lasisi ba. Ranar da ka yi niyyar harba ta kuwa, rangwamen ya faɗi, sai da takardar 'yan sanda. Kwaikwayon da ba a san shekarar ƙirarsa ba, shi ma yana iya jefa ka cikin matsala. Lee-Enfield mai .303 kuma ba ta cikin rangwamen ko kaɗan.

Abin da suke samu a ciki? Ka je Bisley da ke Surrey, inda ake gasar harbi tun 1890, ka tsaya bayan layi ka gani. Za ka ga dattijo ya kwanta rubda ciki da bindigar da ta girmi ubansa, babu madubin hange, ƙarfen saiti ne kawai da ido. Mai Martini yakan haɗa harsashinsa da kansa a gida, don kanti ba ya ajiye irinsa: ya auna baƙin albarushi, ya zuba darma, ya naɗe ta da takarda yadda aka yi a da. In ya harba, farin hayaƙi ya rufe shi, kafaɗa kuma ta ji a jikinta. Masu Lee-Enfield su kuma suna gwada abin da aka horar da sojan Ingila a kai kafin yaƙin duniya na farko, wato harbi goma sha biyar masu saiti cikin minti ɗaya, kuma santsin sakatarta, wato ƙarfen da ake ja a tura harsashi, shi ya sa hakan yake yiwuwa. A ganina abin da suke nema shi ne su ji a jikinsu abin da littafi ba ya iya faɗa.

In ka shiga ƙungiyar harbi mai rajista, abu biyu za su fara koya maka. Tsohon harsashin soja yana barin wani gishiri a cikin bututu, mai kuma ba ya narkar da gishiri. Ruwan zafi ake zubawa, a busar, sannan a shafa mai, in ba haka ba kafin kwana biyu tsatsa ta fito. Na biyu, in ka ja kunama ka ji ƙas ba ta tashi ba, kada ka buɗe. Ka bar bakin yana kallon abin harbi na aƙalla daƙiƙa talatin, don tsohon harsashi yakan yi nawa kafin ya kama. Wajen saye kuma, masana lamba suke fara dubawa: ta jikin bindiga da ta sakata su zo ɗaya. Kuma ko kusa kada ka yi tunanin sako ta cikin kayanka in za ka dawo gida.

Tambaya: Malam, akwai wata doguwar bindiga rataye a zauren gidan mijina tun zamanin kakanninsa. An rubuta St Etienne da Mle 1874. Ta yi baƙi ƙirin. In wanke ta da toka da lemon tsami? (Uwargida, Damagaram, Nijar)

Amsa: Hajiya, a bar toka da lemon tsami wa tukwane. Wannan baƙin da kike gani shi ne adonta a wurin masana, tsami kuwa zai cinye shi ya bar ƙarfe tsirara, tsatsa ta samu ƙofa.

Sunanta Gras, bindigar sojan Faransa ce ta 1874, mai cin harsashi ɗai-ɗai na milimita 11 da baƙin albarushi. Da Faransa ta fito da Lebel a 1886, wadda ita ce bindigar soja ta farko mai albarushi marar hayaƙi, sai Gras ta zama kwantai, aka yi ta sayar da ita har ta cika Afirka. Mayaƙan Habasha sun riƙe ta da yawa a yaƙin Adwa na 1896. Faransawa sun shiga Damagaram a 1899, saboda haka ganinta a zaurenku ba abin mamaki ba ne. Shekarar 1874 ta samfurin ce, ba ta ƙirar wannan ɗin ba. Ki sa maigida ya duba gindin bututun ta dama, zai ga harafin S da wata shekara, ita ce ainihin shekarar da aka ƙera ta a Saint-Étienne. In kuma ya ga M80, an yi mata gyaran 1880, wanda ya buɗe wa iskar wuta hanyar fita in kwanso ya fashe, don kada ta daki idon mai harbi.

Kulawarta ba wuya. Tsumma mai laushi da ɗigon man keken ɗinki a kan ƙarfe, busasshen tsumma a kan katako, a kuma janye ta daga jikin bango saboda damshin damina da gara. Yara kada su kai gare ta. A Nijar ma ajiye bindiga sai da izinin hukuma, don haka maigida ya je wajen jandarmomi ya yi bayani, ya tafi da hoton rubutun da ke jikinta, ita kuma ya bar ta a gida.