Na Bi Mai Bidiyo Daki-Daki, Amma Excel Ɗina Ya Ƙi

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Atamfa nake sayarwa a Kejetia, ina so in riƙa rubuta kaya da bashi a Excel. Duk abin da mai koyarwa a YouTube ya danna nakan danna, nasa ya ba da amsa, nawa kuwa ya rubuta #NAME? Ko kaina ne ba ya ja?
Wata Hajiya daga Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Mai riƙe bashin rabin layi a ka, wa zai ce kanta ba ya ja?

Sau da yawa suna ne kawai ya haɗa Excel ɗinsa da naki. In XLOOKUP yake koyarwa, wato dabarar nemo abu a cikin jerin bayanai, sai a Excel 2021 zuwa sama ko Microsoft 365 ake samunta. Na 2016 da na 2019 ba su san ta ba, #NAME? ɗin nan cewa yake yi bai gane sunan ba. VLOOKUP, tsohuwar dabara mai irin wannan aikin, za ta fisshe ki. Ga kuma kwamfutocin gwanjo da muke saya a Adum, da yawansu daga Turai suka shigo. In taki da saitin Faransa ko Jamus ta zo, inda ya sa waƙafi a cikin lissafi, ke waƙafi mai ruwa (;) za ki sa. In Excel ɗin na Faransanci ne ma, SUM sai ta koma SOMME.

Sauran laifin na malamin ne. Tambayi gwanar wake da shinkafa yawan kanwar da za a zuba, ta ce miki "daidai". Ba rowa take yi ba, hannunta ne ya sani, bakinta ya manta. Haka shi ma: ya latsa F4 alamar $ ta shiga ta kulle gidan lissafi, bai ce uffan ba, alhali a wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka sai an haɗa da Fn. Inda ya yi kuskure ya gyara kuma, wanda nan ne ya fi amfanar ɗalibi, ya yanke shi daga bidiyon don kada a raina shi. Wannan ɗabi'a tana ba ni haushi.

Ki shiga File, sannan Account, ki ga wane Excel gare ki, ki nemi darasin da ya ambaci shekararsa. Ki rage gudun bidiyon zuwa 0.5, idonki na kan dogon layin sama inda lissafin yake bayyana. Ki gwada da atamfa biyar kawai tukuna. In ya sake ƙi, turo mini lissafin yadda kika rubuta shi, har da waƙafinsa.