Tikitin kwana 4 ba dole a jera kwanakin ba

Hajiya, kin tambaya ko sai an shiga kwana 4 a jere. A'a. A Walt Disney World, babban wurin shaƙatawa da ke kusa da Orlando a Amurka, tikitin kwana 4 yana aiki tsawon kwana 7 daga ranar da kika zaɓa. To ki saka ranar hutu a tsakiya, don yara kan galabaita kafin rana ta uku.

Manyan wuraren wasan da ke cikinsa huɗu ne: Magic Kingdom, EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom, kowanne ya ci yini guda. Ni dai ban ga amfanin ƙarin kuɗin Park Hopper (damar shiga wuri fiye da ɗaya a rana guda) a zuwan farko ba, zirga-zirga tsakaninsu kan cinye lokaci. Ku yi sammako ku isa ƙofa kafin a buɗe, ku fara da lilon da layinsa ya fi tsawo. Da rana ta take, ku koma masauki, sai yamma ku dawo.